Albasar da Uwani Ta Shuka a Ɗa'ifa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a makabartar Ma'ala.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi. Ɗanki ne Tanko, wanda Larabawan tasha ke kira Bakur, yake rubuto miki daga gidanmu na unguwar Tandabawi, daga cikin ɗakinki ma, don nan ne kaɗai ba a shigo mini. Alhazai sun watse, gari ya koma namu, zafi ya fara sassauci.

Na san ba ki karanta takarda ko da kina da rai, balle yanzu. Kin sha ce mini baƙi na malamai ne, ke naki karatun a ka yake. To amma maganar da ke cikina, in ba da ke na yi ta ba, ba za ta fito ba. Kuma in na gama zan bayar a karanta ta a bencin Kawu Isa mai tsire a titin Mansur bayan la'asar, tunda can ake yanka ni ana gasawa a 'yan kwanakin nan. Su ji abin da na faɗa wa uwata. Wanda yake da saura ya kawo.

Inna, 'yata takwararki ba lafiya. Tarin nan ne da ba a son kiran sunansa. Tana Ɗa'ifa da uwarta Hajara tun shigowar zafi, wato tana bayan iyakar Harami, kuma likita ya cire rai. Ni kuwa akwai alkawarin da na ɗaukar miki a kan iyakar nan. Kin san shi, Kawu Isa ya san shi, duk wanda ya tako hanyar gabas tare da mu ya san shi. A kansa nake rubutu.

Da ɗan wayona muka bar ƙasar Katsina, mu biyar: ke, Baba, Yaya Ladi, Yaya Talatu, sai ni auta. Mu yi noma a gonar wani damina guda, mu ɗaura kaya, mu ƙara gaba. Zazzaɓi ya ɗauki Yaya Ladi a Wadai. Baba ya faɗi a gonar auduga a Sudan, buhu na rataye a wuyansa. Yaya Talatu kuwa a Sawakin, muna jiran jirgin ruwa. Ta ga tekun da idonta, ba ta hau shi ba.

Ban manta ranar da muka iso fararen ginshiƙan nan na hanyar Jidda ba. Wani a cikin ayari ya ce daga nan Harami ne. Kika tsallaka, kika sauke kayan kanki, kika zauna a ƙasa kika miƙe ƙafafu kina kallon fason da ke dugaduganki. Mutane na kuka suna kabbara, ke ko ɗigon hawaye. Sai kika jawo ni, kika kama kunnena kamar na yi ɓarna, kika ce: "Tanko, na zubar da mutum uku a hanya kamar mai ɓulallen buhu. Daga yau jinina ba ya ƙara zubewa a waje. Da ni, da kai, da abin da za ka haifa, a cikin nan ranmu zai fita. Ce ka ji." Na ce na ji. Kawu Isa na tsaye riƙe da jaki, ya ce ya shaida.

Da a ce iyakarta ke nan, sai in ce maganar yaro ce. Amma kin sake karɓar "na ji" ɗin nan a bakina ina da furfura a gemu, kina kan shimfiɗar da ba ki tashi daga kanta ba.

Ke dai kin riƙe naki. Tun da kika shigo, Jidda ma ba ta ƙara ganinki ba. In za ki yi umra, muka fita Tan'im ɗaura niyya, sai ki yi ta sauri kamar wadda ta bar tuwo a wuta, ba ki sakin numfashi sai kin ga ginshiƙan a bayanki. Ranar Arfa kaɗai kike sakin jiki a waje, wai wanda ya mutu da harami a jikinsa ba a tambayarsa iyaka. Matan unguwa su yi ta tsokanarki, ki ce musu: "Ku da aka haife ku a kan tabarma ba ku san kuɗin kaba ba."

Ni kuma na riƙe abin da na iya riƙewa. Na ɗauki ruwa a garin nan, garwa biyu da sanda a kafaɗa, daga bazan inda ake ɗiba zuwa saman benayen Larabawa. Har yau akwai kanta a kafaɗata ta dama. Da safe makaranta, da yamma garwa, har na kai ajin da zan iya rubuta irin wannan, na bari. Na yi yaron mota, na yi direba. Yau motocina ne ke sauko da rumman da inabi daga Ɗa'ifa zuwa halaga, kasuwar kayan lambu, kuma waɗanda na hau wa bene da ruwa suna miƙo mini hannu biyu. Ba wanda ya ba ni ko ƙusa. In an ce alfahari ne, na yarda, gumina ne.

Shekarar da na sayi motar farko, na zo da ita har ƙofar gida, na ce ki shirya mu hau Ɗa'ifa mu yi zafi a can kamar yadda manyan gidajen Makka ke yi. So nake a ga uwata a gaban mota. Kika kewaye ta, kika ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, kika ce: "Wannan abin in ya kife da ni a bayan iyaka, wa zai dawo mini da raina ciki? Je ka sha iskarka, Afandi. Ka kawo mini rumman." Na ji haushi ranar. Na kawo rumman ɗin kuwa.

Da aka haifi 'yar fari na sa mata sunanki, na rufe wa kaina baki sau biyu: ga kunyar ɗan fari, ga nauyin sunan uwa. Muka kira ta Uwani. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In ta shigo ina zaune, sai in sami abin dubawa a bango. In akwai magana tsakaninmu, ta bakin Hajara take bi, ko da muna tabarma ɗaya. Maƙwabtanmu Larabawa, masu ɗora 'ya'yansu a wuya suna sumbata a kan titi, sun ɗauka ba na sonta. Ke kin san wanda ke sayo alawar da kike cewa ke kika saya.

Ke kika yaye ta, a ɗakin nan ta girma. Garewanin da na yi sallama da su kika kwashe zuwa saman soro, kika cika su da ƙasa, kika shuka lalo da yakuwa da kuɓewa. Ruwan alwala bai taɓa zubewa a banza a gidan nan ba, a kwano ake tarawa a hau da shi. Ita kuwa tana biye da ke da ɗan gwangwaninta tana "Sitti, Sitti," wato kakata, Hausarta rabi Larabci. Ki ce mata 'yar Balarabiya, ta ce miki tsohuwar daji, ku yi ta yi har rana ta faɗi.

Kina yawan mita a saman nan. Ki dubi sama a watannin da kika san damina ta sauka a gida, ki ga ko gajimare babu, ki ce: "A garinmu da kaka ake girbi, nan kuwa sai zafi ya wuce ake neman iri. Ƙasar Larabawa komai nata a juye yake, ban da alƙibla." Ranar da Uwani ta zo da reshen wani fure daga gidan ƙawarta, kika ce fure ba ya shiga miya, ba ki da ruwan ba shi. Kwana biyu sai ga shi a garwa ta can ƙarshe, kuma na kama ki da idona kina ɗiga masa ruwa da asuba.

Bayan rasuwarki Uwani ta gaji soron. Babu abin da ya bushe. Ita ce ta fara bushewa.

Tari kaɗan-kaɗan, sai rama, sai zufa. Rannan Hajara ta nuna mini gefen mayafin Uwani, na ga jini a jiki. Babu abin da ban yi ba, Inna. Zamzam, rubutu, habbatus sauda da zuma, asibiti, allurar da sai an aika Masar ake samu. Ni da na saba in na sa abu a gaba sai ya yiwu, na tarar da abin da bai san sunana ba. Likitan, wani Bahindiye mai haƙuri, ya ce a kai ta kan dutse ta sha busasshiyar iska. Na ɗauke ta na wuce ginshiƙan hanyar Ɗa'ifa ko sassauta gudu ban yi ba, don a raina zuwa ne da dawowa.

Na kama musu ɗaki a lambun wani dattijo, Ammi Salim, shi da matarsa. Iskar ta karɓe ta da fari. Ta ci abinci, ta taka har bakin rijiya, kumatu suka ɗan ciko. Na fara cewa a tasha 'yata ta warke. Bayan aikin Hajji sai abin ya dawo da ƙarfinsa. Likita ya hau ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce hannun mutum ya ƙare. In an bar ta a sama, wataƙila ta ga bayan sanyi. In na sauko da ita, girgizar hanya kaɗai na iya ɓalle jinin, in kuma ta tsira daga hanya, kwarin Makka da cunkosonsa ba za su ba ta lokaci mai yawa ba. Bai ce in yi kaza ba. Ba shi ya yi alkawari ba.

Labari ya riga ni isa Mansur. Kawu Isa ya aiko a kira ni. Ya tsufa, Inna, jikansa ke juya tsiren, shi yana zaune yana faɗa, amma harshen na nan yadda kika bar shi. Bai bari na gama gaisuwa ba ya ce: "Kai Tanko, da hannun nan na haƙa wa ubanka rami a ƙasar mutane. Uwarka ta ba da miji da 'ya'ya biyu ta sayi taƙin ƙasar nan, kai kuma don ka yi mota ka kwashi jikarta ka kai waje? In rai ya tashi fita, wata ɗaya da wata uku duk ɗaya ne. Alkawari kaya ne. Tashi ka ɗauko ta." Wani ya sa baki ya ce ai ko ta cika a can sai a sauko da ita a binne kusa da ke. Kawu ya harare shi ya ce ke fitar rai kika ce, ba gawa ba, kuma wa ya taɓa ganin hanyar Sailu da ake saukowa daga Ɗa'ifa in ruwan sanyi ya cika kwari? Gaskiyar da ya sani ya faɗa. Ban musa masa ko kalma ba.

Na zaɓi motar da ta fi lafiya. Na sa aka shimfiɗa katifu a baya, ɗaya kan ɗaya, aka ɗaure su da igiya, aka kafa rumfa. Na sallami direba na karɓi sitiyari da kaina. Duk hanya motocin mutanen Makka nake karo da su suna saukowa da kayansu, lokacin shan iska ya ƙare. Ni kaɗai ke hawa. Ɗa'ifa ta yi shiru, an kulle tagogi, inabi na zubar da ganye, iska ta fara cizo.

Na same ta a waje, zaune a tabarma ta jingina da katanga inda rana ke bugawa, lulluɓe da baƙin saƙinki. A cinyarta akwai faifai, a kansa wasu 'yan ƙananan albasu masu busasshen ɓawo ruwan ƙasa. Ta dubi motar. Ta dubi katifun da rumfar. Inna, tana ɗakin nan ranar da kika sake karɓar alkawarin, ita ke yi miki fifita. Babu abin da ba ta gane ba. Ta sunkuyar da kai ta ce: "Abuya, sannu da hanya."

Ba ta ce komai game da motar ba. Ta juya wajen uwarta, kamar yadda muka saba, ta ce: "Ummi, ki gaya wa Abuya wannan albasar narjis ce, matar Ammi Salim ta ba ni. Ba a ci. Yanzu da kaka ake binne ta, ta sha sanyi a cikin ƙasa, sai sanyi ya juya baya take fure, fari, mai ƙamshi. Ta ce a Makka ba ta yi, ƙasar ta yi mata zafi." Ta huta, numfashi ya dawo, ta ƙara: "Ki ce masa ina so in shuka, bas hannuna ba ya iya haƙa."

Ni ɗan kasuwa ne, Inna. Na san lokacin da mutum ke neman abu bai kira sunansa ba. Wanda ya binne abin da sai bayan sanyi zai fito, ai ya faɗi inda yake so sanyi ya same shi. Hajara, wadda ba ta taɓa sa mini baki a shawara ba, ta ce a hankali tana kallon ƙasa: "Maigida, tun da ta kwanta ba ta roƙi komai ba sai wannan."

Na ce a raina, to mene ne a ciki? A shuka, a yi la'asar, a ɗora ta a mota. Na cire kwat da agogo, na aro fartanya wurin Ammi Salim, na durƙusa a gindin katangar. Rabona da durƙusa a ƙasa da fartanya tun gonar audugar da ta ci Baba.

Da fari ta bakin uwarta umarnin ke zuwa. A sassauta ƙasar sosai, a tsince duwatsu. A gauraya da yashi don kada ruwa ya kwanta. A kawo tsohon takin tumaki, ba ɗanye ba, ɗanye ƙona ta yake. Can sai tukunya ta yi ƙauri, Hajara ta ruga ciki. Muka rage mu biyu, babu mai ɗaukar magana. Na ci gaba da haƙa, kaina a ƙasa. Sai na ji ta ce: "Abuya, ƙara zurfi shuwayya. Kamar tsawon yatsanka da rabi." Ni ta faɗa wa, kai tsaye. Na ƙara zurfin.

Tazarar tafin hannu tsakanin rami da rami. Kai mai tsini ya dubi sama, gindi mai gashi ya zauna a ƙasa. Ita ke ɗauko kowace daga faifai, ta juya ta a hannu, ta matsa ta ji ko da tauri, wadda ta yi laushi ta ajiye gefe. Ta yi bismillah, ta miƙa hannu ta zaunar da ita a ramin, ta ja ƙasa da gefen tafinta. Yadda kike rufe irin kuɓewa sak, har ɗan bugun nan biyu na ƙarshe. Waɗanda hannunta bai kai ba ta miƙo mini. Na sa ɗaya a kife. Ta ce: "Ya salam! Mai motoci guda nawa, bai san kan albasa ba. Da Sitti na nan da ka sha." Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa.

Na yar da fartanya na riƙe kafaɗunta. Inna, babu komai a cikin saƙin nan. Kamar na riƙe damin kara. Shekarunta duka ina kallon bango don kada a ce na dubi 'yar fari, ga shi ranar da na riƙe ta saura kaɗan in rasa abin riƙewa. Na ce: "Sannu, Uwani. Sannu, uwata." Ba ta janye ba. Ta jingina da ni har tarin ya lafa, da ƙasa a hannuna na ɓata miki saƙi.

Muka ƙarasa layin. Ta ce a ba shi ruwa sau ɗaya, kaɗan, sannan a bar wa sama sauran, ruwa in ya yi yawa ruɓar da ita yake. Na ɗebo a rijiya na yayyafa. Ta ce: "Kuma ba a tonawa a duba, Abuya. Na san ka, ba ka da haƙuri." Wurin ya koma fili kawai, jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda bai sani ba sai ya taka ya wuce.

Aka kira la'asar. Da na dawo daga masallaci na tarar ta miƙe tsaye, tana dafe da katanga, ta yafa mayafin fita. Ta ce wa uwarta ta fito da ƙunshin. Hajara ta fito da shi, ɗaurarre tsaf. Ashe tun da aka gaya musu ina tafe ta sa aka ɗaure mata kaya. Ta dubi layin nan sau ɗaya, ba ta ƙara ba, ta fara takawa wajen mota tana bin bango. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Jikarki ce.

Na tsaya ina kallonta tana tafiya. Na ga kunnena a hannunki. Na ga Kawu Isa da jakinsa. Na buɗe baki don in ce a kama ta a ɗora, sai na ji kaina ina ce wa Hajara: "A kwance katifun nan a kai ɗakinta. Sanyi na tafe, shimfiɗarta ta yi kaɗan."

Uwani ta tsaya inda take, ta juya fuskarta ga bango. Ni na kwance igiyoyin da hannuna, na kinkimi katifun ɗaya bayan ɗaya na kai ciki.

Washegari na sauko da mota babu kowa a baya. Da na iso ginshiƙan na tsaya, na kashe inji, na fito. Na daɗe a tsaye ta waje ina so in faɗa miki da baki, bakin ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa kika ga takarda.

Na je wurin malami, don kada a ce ban je ba. Ya ce ba wanda ya san ƙasar da zai mutu, kuma akwai bayin Allah na ƙwarai kwance a Ɗa'ifa. Na gode masa. Amma ba da malami na yi alkawari ba, da ke na yi. Ba zan ɓuya a bayan rawaninsa ba. Ban manta ba, ba a ruɗe ni ba, ba kuma likita ne ya sa ni ba. Da idona biyu na saɓa miki.

Abu ɗaya kawai zan tambaye ki, wanda tun ina yaro nake so in tambaya tsoro ya hana. Baba fa? Yaya Ladi da Yaya Talatu fa? Sun ɓace ne don sun faɗi a waje? Ban yarda ba, kuma a can cikin ranki na san ke ma ba ki yarda ba, don na sha jin kina kiran sunayensu a sujada kina roƙon a tara ku wuri ɗaya. Rahamar da za ta nemo mutum a tsakiyar gonar auduga a Sudan ba za ta ɓace a hanyar Ɗa'ifa ba. Ciwon hanya ne ya yi magana da bakinki ranar nan, Inna, kuma kina da gaskiyar jin sa. Ni dai na kasa biyan wannan ciwon da 'yan watannin da suka rage wa yarinyar nan.

Kada ki zaci na sami kwanciyar rai. Wataƙila ba za ta kai ba. Likita "wataƙila" ya ce, bai rantse ba. Yana yiwuwa in karya alkawarin uwata, furen kuma ya fito ya tarar ba mai jiransa, in tashi ba tsuntsu ba tarko. Na san da haka lokacin da nake kwance igiyar. Amma da na waiwaya zan fita daga ɗakin, na ga ta sa an ja shimfiɗarta kusa da taga, ta inda ake hango gindin katangar. Tun da ciwon nan ya kama ta ban ga tana jiran wani abu ba sai ranar.

Ku kuma da ke zaune a benci kuna saurare, na ji abin da ake faɗa. Wai dukiya ta sa Tanko ya manta hanyar da aka bi aka kawo shi. Hanyar nan a ƙafata take, ba a bakin kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kawu Isa, kai kaɗai nake ba haƙuri, don kai ka haƙa ramin, kai ka shaida. Ka riƙe shaidarka yadda take, kada ka rage komai. In an tambaye ka, ka ce yaron ya ce ya ji, kuma bai cika ba.

Inna, na damƙa motoci a hannun babban direbana. Na roƙi maƙwabciya ta riƙa hawa soro tana ba garewaninki ruwa. Gobe in Allah Ya kai mu zan je Ma'ala in yi miki sallama, daga nan in hau. Ba zan sauko ba sai abin da Allah Ya hukunta ya faru, ko fure ko waninsa. Kin ga ke nan ni ma zan yi sanyin bana a bayan iyaka, da furfurata da komai. Laifin ya zama biyu, gara ki ji shi daga bakina.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba da yayyena a inda suke kwance. Allah Ya sa wahalar hanyarki ta zama nauyi a mizaninki, kowane faso da ladansa. Allah Ya sassauta wa Uwani numfashi, Ya ara mata kwana har sanyi ya juya baya, in kuwa bai ƙaddara ba, Ya ɗauke ta cikin sauƙi da kalmar shahada. Allah Ya yafe wa ɗan da ya saɓa wa uwarsa, Ya sanyaya zuciyar uwar a kansa. Amin.

In ta riga ni isowa wurinki, kika ga ta ɓullo ta wata ƙofa ba wadda kike tsaye kina jira ba, kada ki yi mata faɗa. Ita ta ɗaure kayanta, ta kama hanyar mota. Ni na ce a sauke katifa. Ki karɓe ta, ki ajiye faɗan, ina nan tafe.

Wassalam.

Ɗanki, wanda ya ji kuma ya saɓa,
Tanko
Tandabawi, Makka